Yadda Ake Duba Giyabos ɗin Tsohuwar Mota Kafin a Ɗaura Shi

Giyabos da ke ajiye a ƙasa ba ya kuka. Gurnani, gurza, da halin tofar da giya ta biyu a kan gangara, duk sai inji na juyawa ake jin su. Shi ya sa mai sayarwa zai iya rantse maka cewa lafiya ƙalau aka sauke shi, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai ya manta bai ce maka shekara 15 ke nan da saukewar ba, kuma tun daga lokacin yana jingine a inda raɓa ke samunsa.

Wahalar ba ta tsaya a kuɗin sayensa ba. A MGB, tsohuwar motar Ingila, yawanci sai an fitar da inji da giyabos tare. A Volkswagen Beetle sai inji ya sauka tukuna. A Mini ta 1959 kuwa giyabos ɗin a ƙarƙashin injin yake, man ma ɗaya suke sha. Duk wanda ya ɗaura bai duba ba, ya amince ke nan zai iya yin wannan aiki sau biyu. Binciken kan benci ba zai ba ka tabbacin cewa giyabos lafiyayye ne ɗari bisa ɗari ba, amma yana kama mafi yawan marasa lafiya, kuma yana nuna maka abin da za ka canza tun yana gabanka.

Ka tanadi benci mai ƙarfi, domin giyar hannu ta tsohuwar mota kan kai kilo 30 zuwa 50. Sai tocila, farin roba mai faɗi na tarar mai, mayen ƙarfe, alli ko fenti, kananzir da burushi, ma'aunin tsaga mai siraran ƙarafa, da tsohon faifan kulocin motarka. Littafin gyaran wannan mota takamaimai ya fi duk waɗannan muhimmanci, don shi ne mai alƙaluman da za ka gwada da su.

Da farko, na motarka ne kuwa?

Mutane kan tsallake wannan su wuce duba haƙora, alhali giyabos mai lafiya da bai dace da motarka ba, bai fi lalatacce amfani ba. Ka ajiye tsohon naka kusa da shi. Ka karanta lambar da aka buga a jikinsa ko a ɗan allon da ke maƙale da noti, ka duba ta a littafi. Lambar da aka zuba tare da ƙarfen ba ta isa hujja ba, domin kamfani kan yi amfani da gida ɗaya ya zuba kayan ciki iri-iri.

Ɗauki faifan kuloci ka zura shi a sandar gaba, wadda ke shiga inji. Ya kamata ya zame gaba da baya ba tare da cijewa ba, kuma idan ka murɗa shi hagu da dama kada ya yi kwal-kwal da yawa. Ƙirga tsagogin sandar. Giyabos ɗin Muncie na motocin Amurka akwai mai tsaga 10, akwai mai 26, daga nesa kuma kamar tagwaye suke. Ka auna tsawon sandar daga fuskar da ke haɗuwa da inji, da kaurin ɗan hancinta da ke shiga bushin karanshaf. Sanda mai tsawo fiye da kima za ta tokare karanshaf idan ka ɗaure notuna; gajeriya kuma ba za ta kai bushin ba, ta riƙa lilo har ta kashe boris ɗin gaba.

Masu Beetle su lura da wani abu. Da kamfanin ya koma lantarki mai bolt 12 a wajen 1967, filawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan inji da kik ke juyawa, ya canza daga mai haƙora 109 zuwa mai 130, ya ɗan ƙara faɗi, bushin kik ma ya canza. Tsohon giyabos na zamanin bolt 6 ba ya karɓar sabon filawil sai an rage masa ciki. Irin wannan ƙaramin bambanci yana nan a kusan kowace mota da aka daɗe ana ƙerawa: wurin zaman liba, ramukan kafar da ke riƙe giyabos, tsawon wutsiya, inda wayar mitar gudu ke shiga.

Sai ka tabbatar da lissafin giyoyin. Yi alama da alli a sandar gaba da ta baya, wadda ke kai juyi ga ƙafafun mota, ka sa giya ta ɗaya, ka juya ta gaba kana ƙirgawa har ta baya ta zagaya sau 10, sannan ka raba da 10. Idan ka ƙirga kusan 36 da rabi, giyar ta ɗaya 3.65 ce, irin ta Ford Type 9 na inji mai silinda 4. Wanda aka yi wa V6 zai ba ka kusan 33 da rabi. A yawancin masu tuƙi da ƙafafun baya, giya ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce, alamomin biyu tare za su riƙa tafiya. Idan giyabos ɗin haɗe yake da difiranshal kamar na Beetle, ka tuna cewa riƙe sandar ƙafa ɗaya yana ninka gudun ɗayar, kada lissafi ya ruɗe ka.

Kafin ka wanke

Dubi dattin tukuna, domin shi ke nuna inda mai ya daɗe yana bi. Jiƙaƙƙen baƙi a cikin ƙoƙon da ke rufe kuloci, idan yana warin man giya mai kama da ƙibiritu, silin gaba ne ya saki. Ƙurar da ke cikin wannan ƙoƙo kada ka hure ta da iska. Faifan kulocin da aka yi a da akwai asbestos a cikinsa, shaƙarsa tana illa ga huhu. Jiƙa tsumma ka share, ka ƙulle shi a leda.

Bayan wanki, bi jikin da tocila. Tsagewa ta fi son kunnuwan da notin inji ke shiga, gefen ramin kik, da kewayen ƙusar zubar da mai, inda wani ya taɓa ɗaurewa da ƙarfin tsiya. Idan kana shakkar wani layi, shafa masa kananzir, ka goge, ka barbaɗa garin alli: tsaga ta gaske za ta tsotso kananzir ta ɓata allin. Tabon walda ba lallai ya kashe ciniki ba, amma idan yana kusa da mazaunin boris, ni dai ba na amincewa, don zafi kan karkatar da gida. Gidan giyabos ɗin Beetle haɗin magnesiyam ne, yana ruɓewa ta ƙasa idan ya daɗe cikin danshi, kuma ba kowane mai walda ke iya taɓa shi ba.

Ka gwada noti a kowane rami mai zare, musamman a alminiyam. Gyaran zaren da ya cinye minti kaɗan ne a kan benci. A ƙarƙashin mota, kana kwance, wani labari ne.

Abin da mai zai gaya maka

Idan akwai sauran mai a ciki, ka yi sa'a. Fara kwance ƙusar zubawa ta gefe kafin ta ƙasa, don ka tabbata tana kwantuwa. Sannan ka tare man a farin roba, ka kai shi rana.

Abin da ya fara fitowa shi ne mafi muhimmanci. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan ya shiga, shi zai riga fita, ko kuma man ya zo fari-fari mai kauri. Ka karkata robar ka duba ƙasanta. Ƙyalli mai launin zinariya tagulla ce, daga bushi ko washa ko zoben sinkoro, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga. Ɗan kaɗan ba abin tsoro ba ne a giyabos mai shekara 50. Idan man duka yana walƙiya, zobban sun kusa ƙarewa. Baƙin laushi mai kama da toka a kan mayen ƙarfen ƙusar ƙasa, cin yau da kullum ne. Murza shi tsakanin yatsu. In ka ji tsini-tsini, ko ka ga ɓawon ƙarfe mai sheƙi, boris ne ke ɓarewa. In kuwa ka tsinci guntun haƙori ko ɗan siririn ƙarfe mai kama da allura, bincike ya ƙare, sai warwarewa gaba ɗaya.

Giyabos da aka kawo maka a bushe, an wanke cikinsa tas, ya rasa wannan shaida. Ba dole ne mai shi yana ɓoye wani abu ba, amma sai ka ninka kula a matakan da ke tafe.

Gwajin hannu

Sa giya a firi, ka juya sandar gaba a hankali da yatsu. Abin da kake nema shi ne juyi mai santsi, nauyinsa iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Gargada, ko wani wuri da ke cijewa a kowane zagaye, alamar tsatsa ce ko rami a boris. Sandar baya za ta iya bin ta gaba tana juyawa a firi saboda jan mai, wannan ba laifi ba ne, muddin ka sa hannu ta tsaya. Idan ta ƙi tsayawa, ƙaramin boris ɗin da ke tsakanin sandunan biyu ya kama.

Yanzu girgiza sandar gaba sama da ƙasa. A nan ne masu saye da yawa ke tsorata ba dalili. A galibin tsofaffin giyabos boris ɗaya ne ke riƙe da ita, ɗaya ƙarshen kuma bushin karanshaf ne ke tallafe shi idan an ɗaura. Saboda haka ɗan lilo a hancinta halitta ce. Abin da ba a so shi ne lilo mai ƙara, ko motsi ciki da waje da ido ke gani idan ka ja ka tura. Sandar baya ta fi rashin uzuri: filanji, wato faifan ƙarfen da farfela ke ɗaurewa a kai, bai kamata ya yi motsi ba. Inda farfela ke zurawa cikin wutsiya, sai ka zura ta ka gwada, domin ita ce ke zaune a kan bushin.

Ɗaura liba ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, har ribas, kana ɗan juya sandar gaba don haƙora su samu shiga. Kowace giya ta shiga da ɗan "ƙas" da za ka ji a tafin hannu, ta kuma buƙaci ɗan ƙarfi kafin ta fita. Wannan aikin ƙananan ƙwallaye ne da sifirin da ke danne sandunan canji. Giyar da ta shiga lagwai-lagwai, ita ce za ta riƙa fita da kanta a hanya. A kowace giya ka riƙe sandar baya gam, ka murɗa ta gaba hagu da dama, ka kwatanta yawan wasan. Wadda ta fi 'yan'uwanta wasa nesa ba kusa ba, ka sa mata ido idan ka buɗe.

Akwai dabarar gwada sinkoro ba tare da buɗewa ba. Kana juya sandar gaba a firi, wani ya riƙe ta baya, sai ka tura liba a hankali wajen giya ta biyu ba tare da ka shigar ba. Zobe mai rai zai kama, ka ji sandar ta yi nauyi a hannunka kamar an taka mata birki. Idan ba ka ji komai ba sai karon haƙora, zoben ya mutu. Ka yi wa sauran haka. Ta biyu ce ta fi shan wahala, ita ce kuma ta fi mutuwa.

Sai dai ka san motarka kafin ka yanke hukunci. Cadillac ta fito da sinkoro tun 1928, amma an daɗe ba a sa wa giya ta ɗaya ba. MGB ba ta samu a ta ɗaya ba sai 1967. Land Rover kafin Series III ta 1971 ba ta da shi a ta ɗaya da ta biyu. Ribas kuwa kusan duk tsofaffi babu. Rashin kamu a waɗannan ƙira ce, ba lalacewa ba.

Buɗe murfi

Idan giyabos ɗin yana da murfi a sama ko a gefe, babu dalilin ƙin buɗewa. Gasket ɗaya kawai za ka yi asara. Sa shi a firi tukuna, ka ɗaga murfin a hankali da tsumma a kewaye, domin a wasu ƙirar sifirin da ƙwallayen nan a ƙarƙashinsa suke, suna iya tsalle ko su faɗa ciki. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Wanda ba shi da murfi, ƙaramar kyamara mai waya da ake haɗawa da wayar hannu tana shiga ta ramin zuba mai.

Fara da tsatsa. Giyabos da ya daɗe a ajiye, rabin da ke cikin mai yana tsira, rabin sama kuma gumin iska ya ci shi, har ka ga layi a jikin giyoyin daidai inda man ya tsaya. Jan da ke gogewa da tsumma ba komai. Wanda ya bar ramuka a fuskar haƙori ya riga ya huda taurin ƙarfen, kuma abin da ya yi wa haƙori ya yi wa boris.

Juya kowace giya zagaye cikakke kana haska haƙoran ɗaya-ɗaya. Fuskarsu ta kasance mai sheƙi iri ɗaya. Ramuka, ɓarewa, ko launin shuɗi na ƙuna duk dalilin canji ne. Giyar ribas da ta ɗaya marar sinkoro kusan kullum bakinsu a ɗan daddatse yake. Muddin jikin haƙorin yana nan, za su yi aiki, sai dai ƙara.

Amma manyan haƙoran nan ba su ne suka fi ba da matsala ba. Dubi gefen kowace giya, kusa da zoben tagulla, za ka ga jerin ƙananan haƙora. Su ne ke kulle giya idan ta shiga. Sabbi suna da tsini kamar rufin ɗaki, gefensu a miƙe. Idan tsinin ya zama dunƙule, an daɗe ana gurza giyar. Idan gefen ya cinye ya yi gangare, giyar za ta riƙa zamewa ta fita da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma sabon zobe ba ya maganin wannan, sai an canza giyar da abin da ke hawa kanta. Mutane da yawa sun sayi zobba sun ɗaura, giya ta ci gaba da fita, don ba su kalli nan ba.

Zoben kansa, tura shi da yatsa ya hau kan giyar, ka murɗa. Ya kamata ya cije. Sannan ka zura ma'auni a tsagar da ta rage tsakanin bayansa da ƙananan haƙoran. Sabo kan bar kusan milimita 1 ko fiye, littattafai da yawa kuma suna sa iyaka tsakanin 0.5 da 0.8. Idan tsagar ta rufe, zoben ya zauna a ƙasa, ba shi da sauran abin kamawa. Wannan awo na zoben tagulla ne irin na kamfanin BorgWarner. Sinkoro irin na Porsche, wanda ya fito a 1952 wasu kamfanoni kuma suka ara, zoben ƙarfe ne mai tsaga, hanyar duba shi daban ce.

Sauran abin dubawa su ne cokulan da ke tura giya. Yatsunsu kada su sirance ko su yi shuɗi, wasansu a cikin kwarin da suke zaune kuma kada ya kai milimita 1. Ka sa sukudireba ka ɗan tura jerin giyoyin ƙasa gaba da baya, ka kuma gwada ɗaga su. Motsi sama da ƙasa yana nufin sandar da suke juyawa a kai ta cinye. Wannan ita ce cutar da ke sa mota gurnani a ta ɗaya, ta biyu da ta uku, ta yi tsit a ta huɗu. Daga ƙarshe, giya ɗaya na ciki, ka gwada tura wata sandar canjin da hannu. Dole ta ƙi. Idan biyu suka shiga tare, wani ya taɓa warware giyabos ɗin ya manta ɗan ƙarfen da ke hana haka.

Mai son ƙarin tabbaci zai iya mayar da murfi, ya zuba mai, ya haɗa sandar gaba da na'urar huda ta hanyar guntun tiyo, ya juya ta ɓangaren da inji ke juyawa. Ɗora bakin dogon sukudireba a kan mazaunin kowane boris, ƙotar a kunnenka. Shuu mai laushi lafiya ce, gurgur ba lafiya ba. Ka ɗaure giyabos ɗin da kyau, ka kuma nisanta hannun riga.

Mai obadirayib da otomatik

Tsofaffin motocin Ingila da yawa suna da obadirayib na kamfanin Laycock a bayan giyabos, wato ƙarin giya da ke rage juyin inji a doguwar hanya. Ba shi wutar bolt 12 ka ji ko solonayid ɗinsa, wato abin lantarkin da ke shigar da shi, zai motsa, ka cire matacinsa ka duba ɓurɓushin da ya tara. Ka gwada makunnin da ke hana shi aiki a ribas, domin shiga ribas yana kunne yana fasa shi. Ainihin kamunsa sai da matsin mai, wannan kuwa sai a hanya.

Otomatik ba ya bayyana kansa ga hannu. Abin da za ka iya shi ne sauke farantin ƙasa. Jan mai mai haske alama ce mai kyau. Baƙi mai warin ƙuna da ɓurɓushi ya nuna faya-fayen ciki sun ƙone. Wanda ya shekara da shekaru a ajiye, robobin cikinsa sun bushe ko da man yana da kyau. Wajen ɗaurawa, ka tabbata tulun da ke tsakaninsa da inji ya zauna har ƙarshe a cikin famfo kafin ka haɗa, in ba haka ba notin farko da ka ɗaure zai fasa famfon.

Abin da za ka canza ko da komai ya yi kyau

Silin gaba da na baya, da na sandar canji, duka sabbi. Roba mai shekara 30 ba ta da alƙawari, kuma na gaba ba ya canzuwa sai an sake sauke giyabos. Ka shafa farce a inda leɓen silin ke gogar ƙarfe. Idan farcen ya maƙale a kwari, sabon sili ma zai yi yoyo sai an sa wa wurin hannun riga na ƙarfe ko an canza shi. Wasu tsofaffin ba su da sili a gaba sam, zare ne aka yanka a sandar yana mayar da mai ciki, don haka idan ka karkata su gaba mai ya zubo, ba lalacewa ba ce. Ka buɗe ɗan ramin numfashi na sama, domin toshewarsa kan tura mai waje ta kowane sili.

Sabon boris na kuloci, sabon bushin karanshaf, ka kuma duba cokalin kuloci da inda yake juyawa. Ƙaramar giyar mitar gudu, ka ƙirga haƙoranta ka gwada da ta tsohon naka, in sun bambanta ka musanya. Ƙananan turakun nan biyu da ke daidaita giyabos da inji su kasance a wurinsu. Notuna ɗaurewa kawai suke yi, turakun ne ke sa sanda ta zauna a tsakiya.

Mai kuma kada ka zuba don ka ga an rubuta "man giya" a galan. MGB baƙin man inji take sha, 20W-50. Giyar hannu ta Mercedes W123 man otomatik ake zuba mata. Inda littafi ya ce GL-4, kada ka sa GL-5 kana ganin lamba mafi girma ta fi kyau, domin sinadaransa na iya cin tagulla su kuma hana zobe kamawa. Ka shafa giris kaɗan ƙwarai a tsagogin sandar gaba, ka goge rarar don kada ta fantsama kan faifan kuloci. Wajen haɗawa, giyabos ya matso ya manne da inji da ƙarfin hannu kawai. Idan ya tsaya saura ɗan yatsa, kada ka jawo shi da noti. Janye shi baya, ka sake daidaita faifan kulocin.